Sharhi: Wankin Ciki da Tabon da Yake Bari a Mahaifa

 Sharhinmu na yau a kan lafiyar mata yake, amma ina roƙon magidanta kada su murɗa rediyo zuwa wata tasha, domin rabin maganar tasu ce.

Akwai wani kuka da likitocin mata suka saba ji a ɗakin duba marasa lafiya: "Likita, tun da aka yi mini wankin ciki ban sake ganin al'adata daidai ba." Wata ta ce a da kwana biyar take yi, yanzu ɗan ɗigo ne na yini guda. Wata ta ce ɗif, ko ɗigon babu, sai dai duk wata idan lokacin ya zagayo mara ta dinga murɗa mata kamar jinin zai zo, kuma ba ya zuwa. Wata kuwa jinin yana zuwa, ciki ne ya ƙi shiga, in ma ya shiga ba ya zama.

Kafin ta kai gaban likita an riga an raɗa wa abin suna a gida. Uwar miji ta ce, "Kwantar da hankalinki 'yar nan, cikin ne ya kwanta, zai tashi." Maƙwabciya ta ce sanyi ne ya yi mata yawa. Wata ta ja ta gefe ta ce ta bincika, hannun kishiya ne. Ita kanta mai abin wani lokaci da murna take farawa, ga azumi ya zo ya wuce ba ta sha ko ɗaya ba. A haka za a ci shekara, a ci biyu, ana jiƙe-jiƙe, ana hayaƙi, ana sayen kwalabe a wajen masu mota da lasifika a bakin kasuwa. Alhali a cikin irin waɗannan mata akwai waɗanda matsalarsu tabo ce kawai a cikin mahaifa, tabon da ya manne bangonta da juna, wanda babu jiƙon da zai narkar da shi.

Ga yadda abin yake. Mahaifar da ba ta ɗauke da ciki 'yar ƙarama ce, tsawonta santimita 7 zuwa 8, kuma bangonta na gaba da na baya a jingine suke da juna. Abin da ke hana su haɗewa shi ne wata shimfiɗa mai laushi da ta lulluɓe su daga ciki. Shimfiɗar nan hawa biyu ce. Ta sama ita ce ke yin kauri duk wata tana jiran ciki, in bai samu ba ta zube, shi ne jinin al'ada. Ta ƙasa ba ta zubewa, daga jikinta ta saman take sake tohowa. Kamar ciyawa ce: in ka sa lauje ka yanke ta, ruwa ɗaya zai sauka ta dawo, in kuwa ka sa fartanya ka tuge ta har saiwa, wurin faƙo zai koma. To idan aka kankare shimfiɗar ƙasa a bangon gaba, aka kankare ta a na baya, rauni ya jingina da rauni, wajen warkewa sai su warke a haɗe. Wani tabon siriri ne, yana tsinkewa da an taɓa shi. Wani kuwa kauri gare shi da tauri, har ya toshe bakin mahaifa ko ya shafe cikinta gaba ɗaya.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Wani Bajamushe, Heinrich Fritsch, ya ba da labarinsa tun 1894. A 1948 wani likita a Tel Aviv, Joseph Asherman, ya yi cikakken bayaninsa, shi ya sa har yau ake kiran larurar da sunansa, kuma mai yiwuwa wata daga cikin masu sauraronmu ta ga wannan suna a rubuce a katinta na asibiti ba ta san abin da ake nufi ba. A 1982 wasu likitoci biyu, Schenker da Margalioth, suka tattara bayanan mata 1,856 masu wannan tabo, suka tarar kusan kashi 90 cikin 100 sun same shi ne bayan an kankare mahaifarsu sakamakon ɓari, ko zubar da ciki, ko haihuwa. A 2014 kuma masu bincike a ƙasar Holan suka haɗa nazarce-nazarcen da aka yi a kan matan da aka leƙa mahaifarsu bayan ɓari, suka ga kusan mace 1 cikin 5 tana da tabo, ko da yake mafi yawansa mai sauƙi ne, kuma gwargwadon yawan wankin da aka yi wa mace gwargwadon ƙaruwar haɗarin.

Me ya sa wankin ciki? Tsohuwar hanyar yin sa ita ce a buɗa bakin mahaifa, a zura wani ƙarfe mai kama da cokali mai kaifin baki, a dinga kankarowa har sai mai aikin ya ji a hannunsa cewa wurin ya fita. Da hannu yake ji, ba ya gani. Mahaifar da ciki bai daɗe da fita daga cikinta ba kuwa taushi gare ta, ƙarfe yana nutsewa fiye da yadda aka yi niyya. Lokacin da ya fi kowanne haɗari shi ne mako na 2 zuwa na 4 bayan haihuwa, wato tsakiyar jego, idan guntun mabiyiya ya maƙale jini ya ƙi tsayawa. A lokacin mace tana shayarwa, sinadarin da ke sa shimfiɗar mahaifa ta toho ya yi ƙasa a jikinta, raunin ba ya samun abin da zai rufe shi da wuri. Sai kuma a daɗe ba a gane ba, tunda kowa ya san mai shayarwa takan jima ba ta ga al'ada ba. Sai an yaye yaro, an shiga lissafin ƙani, sannan hankali ya tashi.

Kada wani ya ji wannan ya ce daga yau matarsa ba za a yi mata wankin ciki ba. A'a. Macen da ta yi ɓari jini yana zuba, ko ragowar ciki ta fara ruɓewa zazzaɓi ya rufe ta, wankin nan shi ne tsakaninta da kabari, kuma ya ceci matan da Allah kaɗai ya san yawansu. Ɓari kuma ba baƙon abu ba ne, kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shigarsa yana zubewa. Maganar ita ce da me za a yi wankin, kuma wa zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a ƙa'idojinta na 2012 cewa kankara da ƙarfe tsohon yayi ne, a maye gurbinsa da na'urar zuƙa, wato wani babban sirinji mai bakin roba da ma'aikatan asibiti ke kira MVA, ko kuma da ƙwayar misoprostol a hannun ma'aikacin lafiya. Wani ɓarin ma, in babu zubar jini mai yawa kuma babu zazzaɓi, ana iya ba shi 'yan kwanaki ya ƙarasa fita da kansa likita yana sa ido. Na'urar zuƙar ma ba a ce ba ta barin tabo sam ba, amma ta fi ƙarfe sauƙi a kan mahaifa. Ƙwayar kuma ba ta zuwa kemis a saya a haɗiya ba ce, don ta sha jefa mata cikin zubar jini a gida babu mai taimako.

Abin da ni nake gani ya fi ɓarna a unguwanninmu shi ne wankin da ake yi ba gaira ba dalili. Mace ta je wani ɗan ɗaki a lungu da ƙorafin rashin haihuwa ko rikicewar al'ada, wanda ke zaune a wurin, da ba a san inda ya koyi aikin ba, ya ce mahaifarta ce ta yi datti sai an wanke. A wanke wannan wata, a sake bayan wata uku. Mahaifa ba ta tara dattin da ƙarfe zai fitar don ciki ya shiga. Wadda ta shiga da lafiyayyar mahaifa tana iya fita da tabon da zai hana ta haihuwar da ta je nema, kuma da kuɗin mijinta aka saya mata.

Akwai wasu dalilan bayan wankin ciki. Tiyatar cire ƙari daga mahaifa tana iya barin tabo, haka tiyatar haihuwa, haka ciwon da ya shiga mahaifa bayan haihuwa ko ɓari. Akwai kuma tarin tibi, wanda mutane suka ɗauka a huhu kaɗai yake zama, alhali yana sauka har mahaifa ya cinye shimfiɗarta, a samu budurwar da ba a taɓa taɓa mahaifarta ba amma al'ada ta ƙi zuwa. Irin wannan sai an fara kashe tibin da magani na aƙalla wata 6, wanda kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. Na jero waɗannan ne saboda wani mugun zato da ke yawo, cewa duk macen da aka ce mahaifarta ta manne to ta taɓa zubar da ciki a ɓoye. Da yawansu matan aure ne da suka yi ɓari a ɗakunansu, mazansu ne ma suka kai su asibiti da hannunsu. Wadda kuma ta san akwai abin da ya faru a baya, ta faɗa wa likita gaskiya. Sirrinta amana ce a wuyansa, kuma da wannan labarin zai san inda zai duba.

To yaya ake ganewa? Likitan kirki ba ya fara da cewa tabo ne. Zai fara da gwajin ciki, ya tambayi shayarwa, ya tambayi allurar tazarar haihuwa, ya auna sinadaran jini, domin ɗaukewar al'ada tana da dalilai da yawa. Macen da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, matsalarta tana iya kasancewa a wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, mahaifarta lafiya lau. Sannan a sani, sikanin na yau da kullum, wanda ake shafa mai a mara a goga, sau da yawa ba ya nuna tabon. Mace za ta tara takardun sikanin cike da jaka, kowacce ta ce komai daidai. Wanda ke nunawa shi ne hoton da ake ɗauka bayan an ɗura wani ruwa ta bakin mahaifa, wanda ake kira HSG, matan da suka yi shi suna ba juna labarin murɗarsa har wasu su gudu. Murɗar ta ɗan lokaci ce, a daure. Akwai kuma sikanin da ake yi bayan an zuba ruwan gishiri a mahaifa. Amma mai yanke hukunci shi ne a leƙa da ido.

Nan ne histaroskofi ya shigo, wato madubin leƙa mahaifa. Wani siririn bututu ne, kaurinsa milimita 3 zuwa 5 a irin wanda aka fi amfani da shi, da fitila da kyamara a jikinsa. Ba a tsaga ciki, ba a ɗinki. Ta hanyar da jinin al'ada ke fitowa ake bi da shi. Ana tura ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa ta cikin bututun, ruwan ya buɗa bangon mahaifa, hoton ya fito a allon talabijin a gaban likita. Lafiyayyar mahaifa ja-ja take fitowa, sumul, ana hango ƙofofin bututun ƙwai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai tabo kuwa sai ka ga fararen igiyoyi sun tashi daga wannan bango sun kama wancan, wani wurin ma hanya ta ƙare, fari fat kawai. Ta wata 'yar kafa a jikin bututun likita zai zura almakashi ɗan mitsitsi, ya fara da siraran da ke tsakiya, yana tsinkawa ɗaya bayan ɗaya, yana matsawa sama. Farin tabo ba ya jini. Da ya ga wurin ya fara ja, jini ya tsattsafo, ya san ya iso naman mahaifa, sai ya tsaya. Burinsa ya buɗe wurin har ya hango ƙofofin nan biyu. Da yawan ƙwararru sun fi son almakashi a kan wuƙar lantarki, don zafin lantarkin yana iya ƙona 'yar shimfiɗar da ta rage. Idan tabon mai sauƙi ne aikin ba ya kai awa guda, mace ta koma gida a ranar. Idan mai tsanani ne sai an sa ta barci, wani yana riƙe da na'urar sikanin a mara yana nuna wa likita hanya, kuma wani lokaci sai an shiga sau biyu ko uku.

Kafin wannan na'ura ta yaɗu, kuma har gobe a wuraren da babu ita, da ƙarfe ake zurawa a fasa tabon a makance. Wani lokaci a dace jini ya dawo. Amma ku duba lamarin: ƙarfen da ya shiga ba ido shi ya jawo ciwon, sannan a sake tura wani ƙarfen ba ido a ce ya gyara. Yana iya yaga lafiyayyen wuri, yana iya huda mahaifa ya fita. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Shi ma aikin madubin yana da nasa haɗarin, ana iya huda mahaifa, ruwan da ake turawa yana iya shiga jini ya yi yawa, shi ya sa ake auna wanda ya shiga da wanda ya fito. Amma mai gani yana da damar tsayawa kafin ya yi ɓarna. Kuma shigar farko ita ce mai daraja, domin duk shigar da aka yi aka ɓata tana rage abin da gwani zai tarar daga baya.

Yankewa rabin aiki ne, tunda raunin da aka buɗe yana son ya sake mannewa. Don haka ake barin wani abu a tsakani na ɗan lokaci, a kuma ba mace ƙwayoyin sinadarin estrojin don shimfiɗa ta toho. A nan likitocin Najeriya sun ba duniya gudummawa. A 2003 Orhue da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin suka wallafa sakamakon mata 110, inda suka gwada robar tazarar haihuwa da ake sa wa a mahaifa da kuma robar fitsari ta yara, wadda ake hura ɗan balan-balan ɗin bakinta a cikin mahaifa a bar ta kwana 10. Al'ada ta dawo daidai ga kusan kashi 81 cikin 100 na masu robar fitsari, masu ɗaya robar kuwa kusan kashi 63. Robar fitsarin nan abu ne mai araha da ke kusan kowane asibiti, kuma har yau ana ambaton wannan aiki a rubuce-rubucen likitocin mata na ƙasashen waje. Bayan 'yan makonni ana so mace ta dawo a sake leƙawa, a tsinke duk wanda ya fara haɗewa tun yana ɗanye. Wannan dawowar ce matanmu suka fi tsallakewa. Da jini ya dawo sai a ce an warke, maigida ya ce kuɗin mota ma aiki ne.

Ba zan yi muku alkawarin da likita ba zai yi ba. Mai tabo mai sauƙi ko matsakaici, galibi al'adarta tana dawowa, da yawa kuma suna haihuwa. Mai tsanani, musamman wadda tibi ya cinye wa shimfiɗa, ana iya buɗe wurin ya sake rufewa, ko ya zauna a buɗe amma shimfiɗar ta ƙi yin kaurin da za ta riƙe ciki. Dawowar jini ba ita ce samun ciki ba. Kuma kafin a ɗora wa mace wahalar tiyata saboda haihuwa, maigida ya daure ya kai nasa gwajin, kada a yi ta gyaran ɗaki alhali matsalar tana zaure. Idan Allah ya kawo cikin, to ba irin wanda ake haifa a gida ba ne. Mahaifar da ta taɓa yin tabo, mabiyiya tana iya kama ta da ƙarfi ta ƙi fita bayan haihuwa, jini ya ɓalle. A fara awo da wuri, a gaya wa ma'aikata an taɓa yin wannan aiki, a haihu a babban asibiti inda akwai jini a ajiye da ɗakin tiyata.

Mu dawo gida Kaduna. Mace a Kawo ko Badarawa ko Unguwar Dosa ko Rigasa ba ta rasa inda za ta fara. Ga Babban Asibitin Kawo, ga na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, mai ɗauke da sunan likitan farko da Arewa ta samu, ga asibitin sojoji na 44, ga kuma asibitin koyarwa da ke Shika a Zariya. Ta nemi ganin likitan mata, shi zai duba ta ya kuma faɗa mata inda ake aikin madubin. Gaskiyar da ba a ɓoyewa ita ce a ƙasar nan wannan aiki ya fi yawa a asibitocin kuɗi na masu neman haihuwa, musamman a Legas da Abuja, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai sayar da kayan miya. Na'urar tana son kyamara da fitila da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar aiki, almakasanta suna dakushewa sai an sake, uwa uba tana son hannun da ya daɗe yana yi. A ganina jihar da ke da jami'a mai horar da likitoci ba ta da uzurin barin wannan a hannun 'yan kasuwa kaɗai. Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar kowane babban asibiti da kowace cibiyar da ake karɓar haihuwa suna da na'urar zuƙa da wanda ya iya ta. Ta sa kuɗi a horar da likitocin mata aikin madubi, ta kuma ware kuɗin gyara, don sayen na'ura a yanka kirtani a ɗauki hoto ba shi ne wahalar ba. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta duba yadda za ta sassauta wa masu rajista kuɗin wannan aiki. Masu sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu kuma su leƙa lungunan nan da ake wanke mahaifar da ba ta yi komai ba.

Ku kuma magidanta, ranar da aka miƙo muku takarda aka ce ku sa hannu za a yi wa iyali wankin ciki, in ba jini ne ke zuba ana tseren ceton rai ba, ku tambaya cikin ladabi: "Likita, dole ne sai an yi? Da me za a yi, da roba ko da ƙarfe?" Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Ke kuma 'yar'uwa, idan aka yi miki wanki, wata 2 ko 3 suka wuce al'ada ba ta dawo ba, ko ta dawo ba kamar yadda kika san ta ba, kuma gwaji ya nuna babu ciki, kada ki zauna jiran kwantacce ya tashi. Ki ɗauki katinki ki koma asibiti, ki ce a duba miki cikin mahaifa.